Kafin ka shiga situdiyo, ka san waye mai waƙar 🧵

1/ Kusan duk sati sai wani a ajinmu ya turo mini waƙarsa ta WhatsApp: "Ya ka ji muryar?" Murya lafiya lau wallahi. Amma ni tambayata daban ce: in waƙar nan ta tashi, kuɗinta aljihun wa za su shiga?

2/ Abokin ɗakina a hostel ne ya sa nake wannan surutun. Bara ya rubuta waƙar soyayya, ba shi da kuɗin situdiyo. Wani furodusa ya ce "ƙanena zo kawai, kyauta zan maka, ni taimako nake." Ya yi masa kiɗa, ya haɗa sauti, har bidiyo ya ɗauka.

3/ Sai ya ɗora ta a tasharsa ta YouTube da Audiomack ɗinsa. Waƙa ta ɗan yi tashe, 'yan mata suna hawa sautin a TikTok. Mutumina ya samu suna a makaranta, ana nuna shi a wajen mai shayi. Kuɗi kuwa ko sisi. Da ya yi magana aka ce masa butulu.

4/ Ni ban ma ga laifin furodusan sosai ba fa. Shi ya zuba man janareta, kayan aikinsa ne, tasharsa ce da ya sha wahalar ginawa. YouTube ba ya fara ba ka kason talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Shi ya kai, abokina bai kai ba.

5/ Matsalar ita ce babu wanda ya ce komai tun farko. Kunya. Mu Hausawa maganar kuɗi da wanda ya maka alheri nauyi take mana.

6/ Abin da yawancinmu ba mu sani ba: waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai baitoci da karin da ka tsara, wannan naka ne. Akwai kuma sautin da aka naɗa, shi kuma doka tana kallon wanda ya ɗauki nauyin naɗar. Wato "kyauta zan maka" tana iya nufin rikodin ɗin nasa ne.

7/ Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ce miƙa haƙƙinka ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Hakan kariya ce gare ka, amma sai ka riƙe shaidar cewa kai ka rubuta. Ajiye takardar baitocinka da muryoyin gwajin da ka naɗa a waya.

8/ Wani zai ce ai su Shata ba su sa hannu a takarda ba. Amma Shata a fili ake masa liƙi, a ba shi mota, a ba shi doki, ya tafi da abinsa. Kuɗin intanet a hankali suke ɗiga, shekara da shekaru. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker tun kullen korona na 2020 ta fito, har yau ana saka ta a biki.

9/ To ra'ayina: in za ka iya, tara kuɗi ka biya situdiyo, ka karɓi fayil ɗinka, ka ɗora a tasharka ko da mutum 40 ne ke binka. In ba hali, ku zauna ku rubuta: wa zai ɗora, kashi nawa na kowa, in mai fim ko ɗan siyasa ya zo sayen waƙar wa zai yi ciniki. Ku sa hannu, shaidu biyu.

10/ Eh, wani furodusan zai ɓata rai ya ce "ba ka yarda da ni ba ke nan?" Wani ma zai fasa aikin, kuma ga mai farawa wannan asara ce ta gaske, ban raina ta ba.

11/ Abokin nawa dai yanzu yana sayar da data yana tara kuɗin waƙa ta biyu. Ta farkon kuma jiya ma na ji ta a cikin A Daidaita Sahu.