Ku Ƙyale Mai Koyon Dothraki, Ba Shi Ya Kar Zomon Ba

Akwai wata dariya da ake yi wa yaranmu masu koyon Dothraki a waya, kuma na gaji da jin ta. Wai ga yaro ɗan Talata Mafara, bai gama iya Hausar ubansa ba, ya duƙufa yana haddar yaren mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba. Masu wannan dariya su ne a sahun gaba duk ranar 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya: a sha babbar riga, a ɗauki hoto, a watsa karin magana biyu a Facebook, sai kuma baɗi.

Ba fim ɗin Game of Thrones nake karewa ba, akwai abubuwan cikinsa da ba zan bar ƙanena ya kalla ba. Harshen nake magana. Wani Ba'amurke masanin harshe, David J. Peterson, shi ya ƙirƙire shi a 2009 domin mahayan dawakin nan na littattafan George R. R. Martin. Kafin ƙarshen 2011 kalmominsa sun haura 3,000, a 2014 kuma aka buga littafin koyonsa.

Me yaron yake koya? A Dothraki, ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla, har hawa biyar. Sarki shi ne khal. In shi aka yi wa abu, khales. In abin nasa ne, khali. Zuwa gare shi, khalaan. Daga gare shi, khaloon. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ajurumiyya ya san wannan gida, i'irabi ne, ɗan'uwan raf'u da nasabu da jarru. Ban taɓa jin an ce wa mai i'irabi yana shirme ba.

Ga inda masu dariyar ba su duba ba. Ranar da yaron ya so fassara "na sayi doki" zuwa Dothraki, dole ya tsaya ya tambayi kansa wa ya yi, wa aka yi wa. A nan zai lura Hausa ma tana da irin wannan lissafi, sai dai a jikin aikatau take rataya shi: na saya, na sayi doki, na saye shi. Aikatau ɗaya, riga uku, kowace gwargwadon abin da ya biyo baya. Ya fita, ya fito. Ya saya, ya sayar. Alkiblar da Peterson ya ɗaura wa suna, mu da wasalin ƙarshe muke juya ta tun muna goye, kuma da yawanmu mun gama sakandare ba wanda ya taɓa jera mana ita a allo.

An rubuta nahawun Hausa, ba musu. Ƙamus ɗin Bargery tun 1934 yake, katafaren littafin Paul Newman ya fito a 2000. Dukansu da Turanci suke bayani. Nahawun Dothraki kuwa, yaro a Bakura zai same shi a jere cikin minti guda da datar da ba ta kai kuɗin shayi ba. To wanne zai karanta?

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma abin da ba a rubuta ba, kwamfuta ba ta san da shi ba. Ku gwada ba wa manhajar fassara Zamfarci tsantsa ku ga yadda take tuntuɓe. Wanga, shina, munka, sunka, tahi, zaka. A daidaitacciyar Hausa, "ya zo" na "Audu ya zo" da na "shi ne ya zo" rubutunsu ɗaya, bambancin yana cikin tsawon wasalin da ba mu rubutawa. Bazamfare kuwa zai ce ya zaka, ya kuma ce shi yaz zaka, bambancin ya fito fili har a takarda. Wannan arziki ne, amma yaranmu suna shiga makaranta ana nuna masu ƙauyanci ne su kankare shi. Da wannan harshe Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, ya yi waƙa har ya rasu a 1991. Da shi Sa'idu Faru na ƙasar Maradun ya ƙawata fada. Muna da muryoyinsu a waya, muna kaɗa kai, amma mu nawa muka taɓa zama muka rubuta baiti goma yadda suka furta, ba tare da mun mayar da shi Kananci ba?

Aikin ba ya buƙatar kwangila. A naɗi maganar tsofaffi a kasuwar Mafara da izininsu, a rubuta ta harafi da harafi, da ƙ da ɗ da ɓ a mazauninsu, a jera sigogin a jadawali kamar na khal, a sa a intanet kyauta. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau za su iya somawa a zango ɗaya. In ni aka ce in zaɓi ma'aikaci, yaron da ya bambance khalaan da khaloon zan ɗauka. Mai yi masa dariya har yau "yazo" yake rubutawa a haɗe.