Alƙawarin Malami Kaya Ne

Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, malamai baƙi daga Ingila da Indiya da Gana suka riƙa sauka Zariya, wasu suka zauna har ƙarshen rayuwarsu, kamar marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wasu kuwa, da darajar naira ta faɗi bayan 1986, suka ɗaure kaya tun wa'adinsu bai cika ba. Muna karɓar uzurin wanda albashinsa ya kasa cefane a kasuwar Sabon Gari. Amma malamin da ya sa hannu a yarjejeniya, ya ɗauki amanar ɗalibai, wajibi ne ya daure ya kai su ƙarshen zango, ya damƙa darasinsu ga magaji, domin alƙawari kaya ne.