Kafin ka rubuta "aljanu ne" a ƙarƙashin bidiyon yaro mai jijjiga

Duk ranar da aka ɗora bidiyon yaro yana jijjiga a TikTok ko Facebook, leƙa wajen sharhi ka sha mamaki. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne, wata kuma ta turo lambar mai magani. Da wuya ka ga wanda ya tambaya ko an auna wa yaron hawan jini.

Eh, yara ma suna samun hawan jini. Akwai wata larura da likitoci ke kira PRES, wadda aka fara bayyana ta a mujallar likitoci a Amurka a 1996. Idan jini ya hau farat ɗaya, jijiyoyin ƙwaƙwalwa kan gaza riƙe shi, ruwa ya tsattsafo, ɓangaren ƙeya ya kumbura. A nan cibiyar gani take, shi ya sa bayan jijjiga yaro kan yi fama da ciwon kai, amai, ruɗewa, har ya ce ba ya gani. Hoton MRI ne ke nuna kumburin.

Su wa ta fi kamawa? Yara masu ciwon ƙoda, masu sikila, da waɗanda ke karɓar maganin kansa ko aka yi musu dashe. Ka lura da wannan: yaro ya yi ciwon maƙogwaro ko ƙuraje, bayan 'yan makonni fuska ta kumbura, fitsari ya koma kalar shayi. Ƙoda ce ke neman agaji.

Abin farin ciki, idan aka sauko da jinin aka magance tushen matsalar, yawancin yara suna warwarewa cikin kwanaki ko makonni. Jinkiri ne ke barin tabo a ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma a rasa rai.

Don haka idan abin ya faru a gabanka, ajiye ɗaukar bidiyo. Kwantar da yaron ta gefensa, kawar da abin da zai ji masa rauni. Kada ka cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada a turara masa hayaƙi. Duba agogo, jijjigar da ta wuce minti 5 ta gaggawa ce. Ko ta lafa, a garzaya asibiti, ana tafe ana addu'a, kuma ka roƙi a auna masa hawan jini.

Iyayen da suka ruɗe suna karanta abin da kake rubutawa. Don Allah, ka tura su asibiti.