Rashin Tsaro Ya Raba Masu Binciken Halittu Da Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

A duk lokacin da ake lissafin ɓarnar da 'yan bindiga suka yi a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, akan ambaci rayuka da shanu da gonakin da aka bari, kuma haka ya kamata. Amma akwai wata hasara da ba a cika kulawa da ita ba, watau yankewar binciken kimiyyar halittu a wannan yanki, wanda ya daɗe yana ciyar da Jihar Katsina da masara da dawa da auduga.

Wanda bai san tarihi ba zai zaci yankin bai taɓa ganin masu bincike ba. Tun 1916 Likita J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, wanda ya haɗa ta hanyar tambayar mutanen karkara. A zamanin Turawa an yi gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, tana aiki tare da tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, daga baya kuma ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya. Har wa yau a shekarun 1970 ne masana daga Zariya da Ingila suka zauna a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, suna nazarin tsargiya da saran maciji gida gida, rahotanninsu kuwa suka fara fitowa a 1977.

To, me ya sa ayyukan nan suka yi amfani? Dalili shi ne sun bi ƙa'idar binciken halittu, wadda ba ta son gaggawa. Mai gwada sabon irin masara dole ya kasa gona fili fili, ya shuka sabon a wasu, tsohon a wasu, ta hanyar ƙuri'a don kada son rai ya shiga, sa'an nan ya maimaita damina biyu ko uku, domin daminar bana ba ta bara ba ce. Mai nazarin tsargiya zai auna fitsarin yara da tsakar rana, lokacin da ƙwayayen tsutsar suka fi fita, ya kuma riƙa komawa bakin dam wata wata yana ƙirga dodon-koɗin da ke ɗauke da ita. Duk wannan yana bukatar zama a ƙauye da amincewar jama'a.

Abin da rashin tsaro ya rusa ke nan. A daren 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, watau a inda ake renon masu binciken gobe. A Satumba 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Babu malamin da zai tura ɗalibinsa bakin daji ya tattara ganye cikin irin wannan hali, kuma ba za a ga laifinsa ba. Ɗalibin da ya rasa fili kuwa sai ya koma kasuwar birni, ko ya kwafo alƙaluman wani littafi da aka rubuta game da wata ƙasa dabam.

Illar wannan ba a jami'a kaɗai take ba, domin ƙwari ba sa jiran a samu lafiya. A 2016 tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Nijeriya, kuma a shekarar ce wata tsutsa ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. Ƙuduji ma yana nan, wanda irinsa kan yi fiye da shekara 10 a cikin ƙasa bai mutu ba. Cibiyar Samaru ta fito da wake mai jure tsutsa a 2019, da masara irin wannan a 2024. Amma iri ba ya nuna halinsa sai a gonar da za a shuka shi. Ma'aikacin da zai raba iri da magani ba tare da rahoton fili ba, lalube yake yi cikin duhu da kuɗin jama'a.

Saboda haka ya kamata Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su haɗa kai da Samaru, su horad da malaman gona da ma'aikatan asibiti da malaman makaranta 'yan asalin garuruwan nan yadda ake ɗaukar samfur da rubuta alƙaluma, tun da su ɗan gari ne, suna shiga inda baƙo ba zai shiga ba. Ya kamata kuma Ma'aikatar Ilmi ta tattara tsofaffin rahotannin Malumfashi da Funtuwa, ta ajiye su a ɗakunan karatu, a taƙaita su da Hausa, domin ɗalibi ya san inda magabata suka tsaya. Ɗalibai kuwa su sani ƙaramin bincike na gaskiya a gona ɗaya ya fi kundin da aka kwafo. Da babu gara ba daɗi, amma alƙaluman ƙarya sun fi babu muni, domin a kansu hukuma za ta gina shirinta na baɗi.