Gadar Eko: Wa Ke Duba Ƙarƙashinta?

Duk wanda ya taɓa sauka Ikko don sarin kaya ya san cewa gadoji uku ne ke haɗa tsibirin da sauran gari. Akwai gadar Carter da Turawa suka fara ginawa a 1901, wadda ta tashi daga Iddo ta sauka Idumota. Akwai gadar Eko. Sai kuma Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, wadda Janar Babangida ya buɗe a 1990. Yau a kan ta tsakiyar nake so mu yi magana.

Kamfanin Julius Berger ne ya fara aikin gadar Eko a 1965, aka yi ta yi kashi-kashi har aka kammala a 1975. Ta ɗauko daga Ijora, ta haye ruwa, ta sauka Apongbon. Shekara kusan hamsin tana ɗaukar motoci dare da rana. To, a watan Maris na 2022 sai gobara ta tashi a rumfunan 'yan kasuwa da ke ƙarƙashinta a Apongbon. Aka rufe wannan sashe, ba a sake buɗe shi ba sai watan Yulin 2023, wato wata goma sha biyar ke nan. Ana cikin wannan gyara ma wata wutar ta sake tashi ta wajen Ijora.

Wani zai ce, ina ruwan wuta da kankare? Ai da ruwanta. A cikin kowane ginshiƙi akwai rodi. Idan wuta ta daɗe tana ci, rodin ya yi zafi ya miƙe, kankaren ya tsage ya ɓare, ƙarfen kuma ya rasa ƙarfinsa. Daga sama gada tana nan lafiya lau, direba bai ga komai ba, alhali ta ciki na ciki. Ga kuma ruwan gishiri da ke sa ƙarfe tsatsa a hankali, ga masu haƙar yashi kusa da gindin ginshiƙai.

Ni dai ban ɗora laifin duka a kan 'yan kasuwa ba. Mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa, in ya ga inuwa a tsakiyar birni, zai shimfiɗa kayansa. Amma rumfa ba ta tsirowa dare ɗaya kamar naman kaza. An gan su shekara da shekaru, an yi shiru. Korarsu bayan gobara ba ta wadatar ba. A ba su wani wuri kusa da masu saye, in ba haka ba gobe za su dawo.

Babban ciwonmu shi ne mun fi son bikin yanke ƙyalle da aikin duba gada. Ya kamata Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta riƙa tura injiniyoyi da masu nutso su duba ginshiƙai kowace shekara, a kuma buga rahotonsu a jarida kowa ya karanta. Kuɗin gyara ya zama yana cikin kasafi tun kafin ɓarna ta auku.

Kada mai karatu ya ce ai wannan maganar Ikko ce. In ka bi ta gadar kogin Kaduna ko ta Makurɗi cikin makon nan, ka tsaya ka leƙa ƙasa ka ga abin da ake tarawa da abin da ake ƙonawa a gindinta.