Wa Zai Zana Asibitocin Bakin Ruwan Kainji?

A ƙarshen 2023 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana shirin ninka ƙananan asibitocin da ke samun tallafin gwamnatin tarayya, daga kusan 8,800 zuwa fiye da 17,000. Idan kana zaune a Shanga, Yauri ko Ngaski, kada ka tsaya kan tambayar nawa za a ba mazaɓarku. Ka tambaya wa zai zana ginin, kuma ko ya taɓa ganin cikar ruwa a nan.

Dattawan yankin sun san abin da muke nufi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tashi mutum fiye da 40,000 aka mayar da su sababbin gidajen siminti. A takarda zanen ya yi kyau. Amma da yawa daga masu gidajen sai da suka ƙara ɗakunan ƙasa a gefe, don ginin bai dace da zamansu ba. Gida ke nan. To ina ga ɗakin haihuwa?

Tsarin gini na iya rage cuta, yana kuma iya yaɗa ta. Tarin fuka da ƙyanda ta iska suke bi, saboda haka zauren jira mai taga ɗaya wurin ɗaukar cuta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2009, ta ba da shawarar iska lita 60 kowace daƙiƙa ga kowane majinyaci a ɗakin kwanciya. Ba sai da na'urar sanyaya ɗaki ba: tagogi masu fuskantar juna da rufi mai tsawo sun isa a mafi yawan lokaci, ko da wuta ko babu. Haka aka yi a asibitin Butaro na ƙasar Ruwanda da aka buɗe a 2011, inda aka fitar da barandu waje maimakon lungu a tsakiyar gini.

A bakin tafki akwai ƙari. Dole daɓe ya ɗara iyakar ambaliya, masai kuma ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta kawo amai da gudawa. Majinyata da yawa ta ruwa suke zuwa. Hatsarin jirgin Wara na Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa a riƙa tunanin hanya daga mashigi zuwa ƙofar gaggawa kafin a sa harsashi.

Idan kai ɗalibi ne mai son lissafi da zane, wannan sana'a ce da ke buƙatar ɗan gida. Ana karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da Jami'ar Bayero, Kano, sannan a yi rajista da hukumar ARCON kafin a fara sa hannu a zane. Shawararmu ta likitoci: kafin ka zana ɗakin haihuwa, nemi izini ka kwana biyu kana bin ungozoma a bakin aiki, ka ƙirga takunta daga gado zuwa wurin wanke hannu.