Na'ura ba ta san abin da ya sa muke son labarin aljanu ba

Ƴan uwa ɗalibai, wata magana na yawo tsakaninmu: wai masana lissafin bayanai sun gano sirrin da ya sa labaran aljanu da matsafa suka mamaye duniya, wai in ka bi ƙa'idar, littafinka sai ya sayu kamar ruwan sanyi a watan azumi. Ni ban yarda ba.

Mu duba abin da aka yi ɗin. A 2016 masu bincike a jami'ar Vermont ta Amurka sun zuba wa kwamfuta labarai 1,327 daga rumbun Gutenberg. Ta auna kalmomin murna da na baƙin ciki shafi bayan shafi, ta ce labaran sun kasu siffa shida: wani ya hau, wani ya faɗi, wani ya faɗi ya tashi, haka dai. To, madalla. Amma kakata da ba ta taɓa zama lakkal ba ta san Gizo sai ya faɗa rami kafin ya fito. Kuma duk littattafan na Ingilishi ne, galibi tsofaffi, "farin jininsu" kuwa da yawan waɗanda suka sauke su daga intanet aka ƙidaya.

Wa ya ƙirga masu karatun Ruwan Bagaja tun 1934? Kwafi guda yakan ratsa hannu goma a Zinder har bangonsa ya yage, a karanta wa makwabta da ƙarfi bayan isha'i. Labaran da ƙannenmu ke turawa juna ta WhatsApp fa, wace na'ura ta gan su? Abin da ba a sayar da shi da rasit ba, a wurin lissafin nan babu shi.

Ko a can ma, Harry Potter sai da kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi shi kafin Bloomsbury ta buga shi a 1997. Masu hasashen kasuwa a lokacin ba su hango komai ba. Bayan ya yi suna ne kowa ya zama boka.

Abin da ke ban tsoro shi ne mu. Na fara ganin rubuce-rubuce a ƙungiyarmu cike da makarantar tsafi da dodo mai fitar da wuta, an dinka su kan awon wani. Ga iskokin bori a ƙofar gida, ga Sarauniya Mangu ta Lugu da har yau ake ba da labarin asirinta, mun tsallake su muna neman siffa ta huɗu cikin shida.